A Gwada Tabarau Mai Hangen Nesa Kafin A Biya Kuɗi

Tabarau mai hangen nesa, wato irin mai ido biyun nan, ya shiga cikin kayan aikin jama'a da dama a ƙasar nan. Masu duban jinjirin wata suna amfani da shi, haka ma ma'aikatan gandun daji da 'yan sintiri da ɗalibai masu nazarin tsuntsaye. Mutumin Tudun Wadar Zariya da ke bukatarsa yakan nema a kanti, ko ya ba da sautu Kano ko Legas, ko kuwa ya yi oda ta intanet, yana mai dogara da sunan kamfani da lambar da ya gani a jikin na abokinsa. A nan ne kuskuren yake, domin kama da wane ba wane ba ne.

Lambar da ake rubutawa a jikinsa, misali 7x50 ko 10x50, abu biyu kaɗai take nufi. Ta farko ita ce yawan ninkin da yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita. Ba ta cewa kome game da kyan haɗi. A cikin kowane ɓangare akwai gilasai da yawa, tare da wasu dunƙulallu masu kusurwa waɗanda ke miƙar da hoto don kada ya zo a kife. Wani Ba'italiye mai suna Ignazio Porro ne ya yi rajistar wannan dabara a 1854, kamfanin Carl Zeiss na Jamus kuma ya fara sayar da irin wannan tabarau a 1894. Tilas ɓangarorin biyu su dubi wuri ɗaya daidai wa daida. Idan ɗaya ya kauce, ko da bai kai digiri ɗaya ba, sai idanu su riƙa wahalar haɗa hoton, kai ya yi ciwo, in abin ya yi yawa a ga abu ɗaya ya zama biyu.

Babu masana'antar da ke iya fitar da abu dubu iri ɗaya sak. Kowace tana da iyakar kuskuren da ta amince da shi. Kamfanin da ya ƙuntata wannan iyaka, ya kuma duba kayansa ɗaya bayan ɗaya, dole kayansa su yi tsada. Mai neman araha kuwa yakan zaɓi kaɗan ya duba, sauran ya zuba a kwali. Bayan haka ga jijjigar jirgi da mota, wadda ke iya gusar da gilashin da ya baro masana'anta lafiya lau.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga masu duban wata. Jinjirin wata siriri ne, yana can ƙasa a yamma, kuma ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana. Mutum biyu za su iya tsayawa wuri ɗaya da tabarau mai suna ɗaya, wannan ya gani, wancan bai gani ba, har a shiga zargin juna alhali laifin na kayan aiki ne. Tun da shaidar irin waɗannan mutane ce ake kai wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ya wajaba kayan aikinsu su zama abin amincewa.

Ƙasar Japan ta fuskanci irin wannan matsala. A ƙarshen shekarun 1950 ta kafa hukumar duba tabaran da ake fitarwa ƙasashen waje, ana manna wa wanda ya ci jarrabawa wata 'yar alama, sannu a hankali kayanta suka yi suna a duniya. Mu ma muna da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, wadda aka kafa da Doka ta 56 ta 1971, da kuma dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018. Muna kira ga hukumomin nan su tabbatar da cewa wanda aka sayar wa tabarau maras kyau yana iya mayarwa a canja masa. Ma'aikatu da kwamitocin da ke saye da yawa su ma su gwada kowane ɗaya kafin su sa hannu a takardar karɓa.

Amma babban nauyi yana wuyan mai saye. Ya gwada ainihin wanda zai tafi da shi, kada ya wadatu da wanda aka ajiye don nuni. Ya fita waje ya dubi abu mai nisa mai miƙaƙƙen layi, kamar rufin gini ko wayar lantarki, sa'an nan ya janye tabaran kaɗan daga fuskarsa. Idan layin ya karye, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, to ya ajiye. Ya rufe ido ɗaya ya duba, ya sake da ɗayan, ya kuma karɓi rasit. Kada ya kuskura ya dubi rana da shi, domin yana iya makantarwa.

Ɗan kasuwar da ya hana gwaji cinikin biri a sama yake nema. Wanda ya yarda a gwada kayansa kuwa, shi jama'a za su riƙa komawa wurinsa. Allah Ya sa a gyara.