Ga mai sankarar ɓargo, korona ba ta tafi ba

Ranar 18 ga Oktoba 2021 Colin Powell, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ya mutu da korona yana da shekara 84, alhali ya yi allurar rigakafi sau biyu. Har yau akwai masu kafa hujja da mutuwarsa a majalisun hira, wai ai ka ga allurar aikin banza ce. Abin da suke tsallakewa shi ne mutumin yana fama da sankarar ɓargo, wadda likitoci ke kira mayeloma. Ni a ganina mutuwarsa darasi ce a kanmu masu lafiya, domin rayuwar irin wannan majiyyaci, bayan ikon Allah, tana rataye ne da halin waɗanda ke kewaye da shi.

A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne ƙera makaman da jiki ke yaƙar cuta da su. Su ne wannan sankara take kamawa. Sai su yi ta yaɗuwa, suna fitar da makami iri ɗaya marar amfani, suna danne masu lafiya. Ƙashi ya rube, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta gaji. Magungunan ciwon su ma suna ƙara raunana garkuwar jiki. Murar da za ta kwantar da kai kwana uku, shi tana iya kai shi kushewa.

A 2020 ƙungiyar likitocin wannan ciwo ta duniya ta tattara bayanan majiyyata 650 da suka kamu da korona. Cikin waɗanda aka kwantar a asibiti, kusan ɗaya cikin uku sun rasu. Waɗanda abin ya fi ci su ne tsofaffi, da masu matsalar ƙoda, da waɗanda ba a shawo kan sankarar tasu ba. Zuwan allura ya rage mace-macen ƙwarai, sai dai a 2021 asibitin Mount Sinai da ke Amurka ya gano cewa kusan ɗaya cikin shida na majiyyatan da ya gwada, jikinsu bai ƙera makaman ba ko bayan allura biyu. To wa zai kare wannan ɗayan, in ba mutanen gidansa ba?

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Baƙar fata ya fi kamuwa da shi, kusan ninki biyu. Binciken da aka buga a 2007 kan maza 917 a Akra ya nuna alamar farko ta ciwon a jininsu ta kusa ninka ta fararen Amurka sau biyu. A zangunanmu kuwa, dattijo zai yi wata shida yana kukan baya, a ce sanyi ne ko tsufa, a yi ta saya masa diklofenak a kemis. Wannan magani kuwa yana cutar da ƙodar mai mayeloma, ƙodar da in ta lalace korona ke samun hanya. Ciwon baya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga kasala, ga yawan zazzaɓi, a kai shi gwajin jini. Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi suna da likitocin jini.

Sai maganar dubiya. Mu mutane ne masu zumunci, alhamdu lillahi. Amma mutum goma a ɗaki ɗaya, taga a rufe, wannan na tari wancan na atishawa, kowa sai ya yi musabaha da majiyyaci, wannan fa gaisuwa ce da ke iya zama ajali. Na san za a ce duba marar lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma dangi za su yi fushi in an hana su shiga. Gaskiya ne. Amma addinin da ya ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada wari ya dami mutane, zai yarda mai mura ya zauna a bakin gadon wanda ba shi da garkuwa? Kira shi a waya, ka aika da abin da ka samu, ka yi masa addu'a. In ka warke ka zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa na korona a watan Mayu 2023, amma ƙwayar cutar na nan tana yawo. Don haka gidan da ke da irin wannan majiyyaci, kowa ya tambayi likita maganar allura, har da shi majiyyacin, domin kariya kaɗan ta fi babu. Mai shiga ɗakinsa ya wanke hannu, ya sa takunkumi in yana jin wani abu a maƙogwaro, a buɗe taga. In zazzaɓi ya taso masa, a tafi asibiti ranar, kada a jira gobe. Kada kuma a dakatar da maganin sankarar don tsoron korona sai da izinin likita.

Limamanmu su faɗi wannan a kan mumbari, mu malaman makaranta mu faɗa wa yara su kai gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.