Zauren Uwargida: Ba Kowa Ake Ce Wa "Ciao" Ba

Yau dai ba girki za mu yi ba, ba kuma kwalliya ba. Italiya za mu leƙa, ƙasar da muka fi sani da takalma da jakunkuna da gadon amarya. To amma yanzu ba kaya kaɗai ke haɗa mu da su ba. Akwai 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya Milan da Napoli, akwai ɗalibai masu koyon harshen a Perujiya, ga kuma matan da aure ya kai can. Duk wadda ta sauka, abin da za a fara auna tarbiyyarta da shi gaisuwa ce.

Kalmar da kowa ya sani ita ce ciao. Faɗinta ba wuya, "cawo" za ki ce, da irin "ca" ɗinmu na "caca". Ana yin ta in an haɗu, ana yin ta in za a rabu. Sai dai fa a nan gizo ke saƙar, domin ciao gaisuwar ƙawa ce da ƙawa, ko miji da mata, ko babba ga yaro. Ki shiga wurin likita ko ki gamu da dattijuwar da kuke haya a gidanta ki jefa mata ciao, daidai yake da ki tarar da surukarki a tsakar gida ki ce mata "ke, ya dai?" Ba lallai ta tanka miki ba, amma ta riƙe.

Abin mamaki, asalin kalmar ƙanƙan da kai ne. Daga bakin mutanen birnin Banis ta fito, inda a da mutum kan ce wa na gaba da shi "ni bawanka ne", kamar yadda ake zubewa a fada. Yau da gobe aka taune maganar har ta koma ciao, girmamawar ta zube a hanya, aka bar wa abokai.

To me za ki ce wa babba? Da safe har zuwa rana ki ce buongiorno, wato "bwonjorno". Da yamma kuma buonasera, "bwonasera". Lokacin da ake juyawa daga wannan zuwa waccan ya danganta da gari, wasu tun bayan abincin rana, wasu sai wajen ƙarfe 4 ko 5, don haka ki saurari na bakin shago ki bi shi. Ita kuwa buonanotte ba gaisuwar shigowa ba ce, "sai da safe" ce. Kada ki tari baƙon maigida da ita, sai ya zaci korarsa kike. In kin rasa ta yi, salve tana nan tsaka-tsaki, ba ta ɓata wa kowa. Rabuwa da babba kuma arrivederci ce, "arribederci", sai dai "b" ɗin nan haƙoran sama ake ɗorawa a leɓen ƙasa, sauti ne da babu shi a Hausa, sai an ɗan yi ta gwadawa gaban madubi.

Su ma suna da abin da ya yi kama da "ke" da "ku" ɗinmu. Ƙawarki za ki ce mata come stai, "kome stai", ya kike. Babba kuwa come sta, ya kuke. Harafi ɗaya ne tak ya raba su, amma shi ne ladabin gaba ɗaya. Na kusa ana kiransa tu, wanda ake ganin girmansa Lei. Kuma babba ne ke da ikon cewa a ajiye Lei a koma tu, ba ke ba. A shekarar 1938 gwamnatin Musolini ta taɓa yunƙurin hana Lei, ta ce a riƙa cewa Voi, abin bai ɗore ba bayan faɗuwarta, ko da yake a kudancin ƙasar har yanzu za ki ji ana yi wa tsofaffi Voi.

Kada kuma ki tsaya jiran "ina gajiya, ya yara, ya mutan gida". Amsa ɗaya ce, bene, grazie, lafiya lau na gode, shi ke nan an wuce wurin. Ba wulaƙanci ba ne, haka suka tashi. Ita grazie ɗin "giratsiye" ce, a fitar da "e" na ƙarshe, kada a haɗiye shi. Za a mayar miki da prego. In za ki shiga gidan mutane ki ce permesso daga bakin ƙofa, ita ce sallamarsu. Abokai kan sumbaci juna a kumatu biyu, wadda ba ta so sai ta dafa ƙirji ta yi murmushi tun daga nesa.

Akwai inda mu Hausawa muka fi Turawan Ingila sa'a, wato nauyin baƙi. Mun san bambancin "kuka" da "kukkuka", su ma haka harshensu yake. Kaka namiji nonno ne, mace nonna. In kika sassauta kika ce "nono", su a wurinsu "na tara" kika ce, mu kuwa kin san inda kika nufa. Wadda ta fi haɗari ita ce barka da sabuwar shekara, buon anno. Ki danna "n" ɗin nan da kyau, don in ya zama ɗaya kin ambaci wani wuri a jiki da ba a faɗa a gaban surukai.

Yanzu bari mu zo kan wadda na san ita kuke jira. Marubutanmu sun daɗe suna ja-in-ja kan so da ƙauna, wanne ya fi wani. Italiyawa sun raba gardamar tuntuni. Ti amo, "ina sonka", ta masoya ce kawai, ta maigida ce shi kaɗai. Uwa da uba da ɗa da ƙawa kuwa ti voglio bene ake ce musu, a faɗe ta "ti bolyo bene" da irin wancan "b" na leɓe, ma'anarta "ina nufinki da alheri". Ɗalibar da malaminta ya taimaka mata ta buɗe baki ta ce masa ti amo da nufin godiya, to ta ɗebo ruwan dafa kanta. Haka mai gida, in ka ji abokiyar cinikinka ta ce ti voglio bene, kada ka dawo kana shafa gemu kana lissafin ƙarin aure, mutunci kawai take nufi.

Wasu za su ce miji ma ai ana ce masa ti voglio bene. Gaskiya ne, ana faɗa, musamman in zama ya yi nisa. Amma ni dai shawarata, amarya ta riƙe ti amo, ta haɗa da amore mio, masoyina, ta faɗa a hankali bayan an kawar da kwanuka.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu shiga kasuwa mu koyi ƙirge da neman ragi. Ciao, tunda mu ƙawaye ne.