Kod ɗin da ba ya tashi a kwamfutar wani, ba a gama bincikensa ba

1/ Jama'a, mu faɗi gaskiya: mai binciken da kod ɗinsa ba ya aiki sai a laftof ɗinsa bai gama aiki ba. "A tuntuɓe ni in ana buƙata" ba kimiyya ba ce, rowa ce.

2/ Maganin shi ne ƙunshe manhaja: ka tsara kod ɗin, ka lissafa abubuwan da ya dogara da su, ka sa lambar siga da lasisi, ka ɗora a PyPI in Python ne, CRAN in R ne. Wani ya buga pip install, aiki ya tashi.

3/ "Ai ni ba ɗan kwamfuta ba ne." To wa aka haifa da iyawa? Koya ake yi, kuma darussan na nan kyauta.

4/ Software Carpentry ta fara tun 1998. Darussan The Carpentries suna GitHub da lasisin CC BY. pyOpenSci ma tana da jagorar ƙunshe Python da jama'a suka rubuta tare. Ka ga kuskure, ka gyara, kowa ya amfana.

5/ Kwatanta da handawut ɗin sayarwa. Duniya ta koma pyproject.toml, shi yana nan kan setup.py, kuma ba mai ikon gyara masa ko harafi.

6/ "Za a sace min wahala." Haba! CC BY ya wajabta ambaton sunanka. Abin da ka ɓoye a filas kuwa, ranar da ta lalace shi ke nan.

7/ Lasisin ya halatta fassara. Ɗauki darasi ɗaya, jawo abokai biyu, ku mayar da shi Hausa. Wa zai fara?