Zancen Iyali: Harajin Audugar Mata

Zancenmu na wannan wata ba a cika yinsa a gaban maza ba, amma tun da yake daga aljihun maigida kuɗin yakan fita, ya kamata shi ma ya ji. Watau zancen audugar da mata ke amfani da ita lokacin al'ada, da harajin da gwamnatoci suka ɗora mata.

A Ingila aka fi yin gardamar. A 1973 aka fara karɓar harajin sayen kaya a kan audugar nan. A 2001 aka rage shi zuwa kashi 5 bisa ɗari, amma ba a iya soke shi ba, gama dokar Tarayyar Turai ta hana. Da koke-koken mata suka yi yawa, sai Ministan Kuɗi, George Osborne, ya fito da dabara a 2015: za a ci gaba da karɓa, amma abin da aka tara, wajen fam miliyan 15 a shekara, za a raba wa ƙungiyoyin taimakon mata.

Da jin haka mutum zai ce madalla. Amma bari mu duba da kyau. Matar da mijinta ya doka, ita da 'yan'uwanta mata ke biyan kuɗin gidan da za ta fake, mai dukan kuwa bai ba da ko kwabo ba. Sa'an nan rabon kansa ya zama rigima. A 2017 aka ba ƙungiyar Life, mai ƙin zubar da ciki, fam 250,000. Da yawanmu za mu yi murna da wannan, amma wasu matan da aka karɓi kuɗin a hannunsu suka ce ba da yawunsu ba. Haka kuma duk kuɗin da aka ce na mata ne, wata rana sai an tambaya, wace ce mace? Akwai waɗanda aka haifa maza amma suna zaman mata, ana ce da su masu sauya jinsi. Wasu suka ce su ma ana dukansu, a buɗe musu gidajen mafaka. Wasu suka ce matar da ta gudo daga hannun namiji tana bukatar wurin da mata ne zalla. A wata shari'a dabam, cikin Afrilu 2025, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa a dokar daidaito ta 2010, mace ita ce wadda aka haifa mace.

Mu muna riƙe da koyarwar Littafin Farawa a kan halittar namiji da ta mace, wannan kuwa bai ba mu iznin yi wa kowa ba'a ba. Abin da ya dame mu shi ne, duk shekarun da manya ke jayayya a kan rabo, yarinyar talaka tana biyan harajin. Sai ran 1 ga Janairu 2021, bayan ƙasar ta fita daga Tarayyar Turai, aka soke shi. Kenya ta riga su tun 2004.

A Nijeriya ma, dokar kuɗi da aka sa wa hannu a Janairu 2020 ta ɗauke harajin daga audugar da ake yi a cikin ƙasa. To, ku tambayi uwargida ko ta ga sauƙi a kanti. Naira ta faɗi, kaya suka hau. Mu malamai mukan ga abin a rajista: yarinya mai ƙoƙari, kowane wata sai ta yi fashin kwana uku ko huɗu, in an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Tsumma ba abin kunya ba ne in an wanke shi da sabulu an shanya a rana. Wanda kunya ta sa aka ɓoye a ƙarƙashin gado da danshinsa shi ke kawo ciwo.

Markus sura 5 ta ba da labarin matar da ta shekara 12 tana zubar jini, ta kashe dukan abin da take da shi wurin masu magani. Yesu bai guje ta ba, a gaban taro ya amsa mata. Saboda haka kada maigida ya jira 'yarsa ta roƙa, gama ba za ta iya buɗe baki ba. Ya sa kuɗin audugar cikin na cefane, ya miƙa wa uwarta kowane wata. Zumuntar Mata da ke da keken ɗinki tana iya ɗinka irin wadda ake wankewa a sake amfani da ita. Kwamitin makaranta kuma ya ajiye katan ɗaya a hannun wata malama, ya tabbata makewayin 'yan mata yana da ƙofa da ruwa kafin a dawo hutu.