Olsa: An Daɗe Ana Barin Jaki Ana Dukan Taiki



Duk wanda ya tsaya minti goma a shagon kemis na unguwa bayan magariba, da wuya ya tafi bai ga wani ya shigo dafe da ƙirji yana cewa, "Malam, a ba ni maganin olsa" ba. Ba mai tambayarsa wa ya ce masa olsa ce. A miƙo masa kwalbar farin ruwan nan mai kauri, ya girgiza, ya kurɓa, ya ji sanyi har cikin ransa, ya tafi. Bayan mako biyu ga shi ya dawo. A gida kuwa an riga an san doka: kada a sa yaji, kada a dama kunun tsamiya, Baba yana da olsa. Mun mai da ciwon nan kamar sarauta, in aka naɗa wa mutum sai mutuwa. Kuma in ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: yunwa ce ta kawo, ko yawan tunani.

Kafin mu yi gardama da wannan, bari mu bi lomar tuwo mu ga inda take zuwa. Tun a baki aiki yake farawa, haƙora su niƙa, miyau ya fara narkar da sitacin da ke ciki. Ta gangara ta maƙoshi zuwa tumbi, daga nan ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, inda ruwan madaciya da sauran ruwayen narkarwa ke haɗuwa da ita, jiki ya tsotse abin amfaninsa. Ragowar ta wuce babban hanji a tsane ruwanta. Mu a tumbi za mu tsaya. Kullum yana zubo da ruwa wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu, a cikinsa akwai asid mai ƙarfin gaske, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya, yake kuma warware nama. To ga abin mamaki: ranar Babbar Sallah mun ci tumbin ragon layya, cikinmu ya narkar da shi tas. Me ya hana shi narkar da kansa, alhali shi ma nama ne? Abin da ya hana shi ne wani yauƙi mai kauri da Allah ya shafe bangonsa da shi, haɗe da sinadarin da ke kashe tsami, ga kuma fatar bangon tana sabuntuwa duk bayan 'yan kwanaki. Ranar da wannan shafe ya ɓule a wani wuri, asid ya samu nama, ranar aka samu gyambo. Shi ne olsa.

Wannan ilmi ba a ɓagas aka same shi ba. A shekarar 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta fasa cikin wani saurayi mai suna Alexis St. Martin. Ya rayu, amma ramin bai rufe ba. Likitan sojan da ya yi jinyarsa, William Beaumont, sai ya riƙa ɗaura 'yar tsokar nama a zare yana zurawa ta ramin, ya jawo bayan wani lokaci ya ga yadda ta narke. A 1833 ya buga littafin abin da ya gani. Yau da likita zai yi wa mutum haka da an ƙwace lasisinsa, amma ta wannan taga duniya ta fara kallon tumbi yana aiki.

Tun daga nan likitoci suka sa wa asid ido, suka ce shi ne mai laifi. A 1915 wani likita a Chicago, Bertram Sippy, ya fito da tsarin ɗura wa majinyaci madara kusan kowace awa. Shawarar "sha madara" da muke ba juna har gobe, tsohuwar shawarar asibiti ce da asibitin kansa ya daina bayarwa, domin madara tana kwantar da zafin na ɗan lokaci ne, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo da asid. An yi ta yanke wa mutane ɓangaren tumbi. A 1976 aka fito da ƙwayar Tagamet mai rage asid, Zantac ta biyo baya har ta zama maganin da ya fi kowane ciniki a duniya. Gyambo ya warke, a daina sha, ya dawo, a sake saye. Kasuwa ta yi daɗi.

Sai ga wasu mutum biyu a birnin Perth na Ostireliya. Robin Warren likita ne mai duba tsokar da aka yanko daga jikin majinyata. A 1979 ya fara ganin wasu ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa kwance a bangon tumbi, a daidai wuraren da suka kumbura. Littattafan likitanci na lokacin sun ce babu abin da zai rayu a cikin asid ɗin nan, saboda haka ba wanda ya saurare shi, sai wani matashin likita, Barry Marshall, da ya haɗu da shi a 1981. Sun yi ta ƙoƙarin raino ƙwayar a ɗakin gwaji abin ya ƙi, don ana zubar da farantan bayan kwana biyu. A hutun Ista na 1982 aka bar wasu har kwana biyar, da aka dawo aiki sai ga ta ta tsiro. Ashe ba ta da gaggawa ne kawai.

Manyan likitoci ba su yarda ba. Marshall ya gwada sa wa 'ya'yan aladu cutar, ba ta kama su ba. A 1984 sai ya yi abin da mai iyali bai kamata ya yi ba: ya dama ƙwayar da aka raino daga cikin wani majinyaci ya shanye. Cikin 'yan kwanaki amai ya taso, bakinsa ya fara wari. Aka zura masa na'urar leƙa ciki, aka ga tumbin da yake lafiya lau kwanan baya ya kumbura, ga ƙwayar ta yi gida. Ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ya warke. Duk da haka sai da aka ƙara shekara goma, a 1994, kafin hukumomin lafiya na Amurka su amince a riƙa ba masu olsa irin wannan magani. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel, kuma sanarwar kyautar ta ɗora wa ƙwayar, mai suna Helicobacter pylori, alhakin fiye da kashi 90 cikin ɗari na gyambon farkon hanji, da har kashi 80 na gyambon tumbi.

Dabarar ƙwayar kuwa duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san ta. Ƙwayar tana fitar da sinadarin da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, sannan ta nutse cikin yauƙin nan ta zauna shekaru tana cin bango. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, galibi tun ƙuruciya suka ɗauka a gida, ta miyau ko gurɓataccen ruwa, kuma ta fi yawa inda ake cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta. Yawancinsu ba za su taɓa jin komai ba. Amma tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da ke haddasa sankarar tumbi.

Akwai mai laifi na biyu, shi kam da kuɗinmu muke sayensa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam da asfirin suna raunana shafen da ke kare tumbi. Lebura ko ɗan acaba ya yini yana wahala, da yamma ya ce a yi masa haɗi, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, watakila biyu daga ciki duk 'yan gida ɗaya ne, ya watsa a baki kafin tuwo ya sauka. Washegari ya koma wajen wanda ya sayar masa ya nemi maganin olsa.

To ina yunwa da yaji? Suna tayar da zafin gyambon da ke akwai, kamar yadda gishiri ke yi wa miki, amma ba su suka haƙa ramin ba. Kuma ba kowane ƙwannafi ko kumburin ciki ne olsa ba. Wani ma zuciyarsa ce ke ciwo yana ta kurɓar farin ruwa.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Wanda ya shekara yana cewa yana da olsa, ya je asibiti ya nemi a gwada shi. Gwajin bayan gida ko na numfashi ya fi na jini, don na jini ba ya bambance cutar da ke nan da wadda ta riga ta wuce. In an samu ƙwayar, maganin yawanci na mako biyu ne: mai rage asid irin omeprazole tare da magungunan kashe ƙwayar cuta aƙalla biyu, a sha har ƙarshe ko da zafin ya tafi a rana ta uku. Likita ne zai zaɓa, kada a haɗa wa kai, domin yawan shan Flagyl, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, kan kowace gudawa ya sa ƙwayar ta daina jinsa a wurare da dama. Wanda kuwa ya yi aman jini, ko ya ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, ko yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a maƙoshi, kada ya biya ta kemis, kada ya jira gari ya waye, ya nufi asibiti.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.