Mu Gwada Ruwan Da 'Ya'yanmu Suke Sha A Makaranta



A wurare da yawa inda muke zaune, famfon gwamnati bai kai unguwanninmu ba. Da baikon masu bi da gudummawar zumuntar mata aka haƙa rijiyoyin burtsatse a makarantun ikkilisiya. Ranar keɓewa mukan taru, a yi addu'a, a ɗanɗana ruwan, a yi godiya. Wannan daidai ne. Amma muna so mu faɗa wa dattawa a fili cewa aikin bai kammala ba sai an gwada ruwan, musamman saboda gubar dalma.

Ba mu manta da Zamfara ba. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Waccan guba ta zo da yawa a lokaci ɗaya, kowa ya gani. Ta cikin ruwan famfo kuwa kaɗan-kaɗan take shiga. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, amma ruwa mai dalma ko tsamin ma ba ya yi. Ba shi da wari, ba ya sāke launi. Yaro zai yi ta sha, gubar tana taruwa a jini da ƙashi, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Sai a ga ba ya gane karatu, malami ya ɗauki bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, ta kuma sa iyakar maikirogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha.

Sau da yawa laifin ba na ƙasa ba ne, na kayan da aka haɗa ne: kan famfo na tagulla, tsofaffin bututun ƙarfe, da dalmar da aka liƙe mahaɗa da ita. Wani bincike da aka buga a 2021 a kan famfuna da rijiyoyin ƙauyuka a Ghana, Mali da Nijar ya samu kusan 9 cikin 100 sun wuce iyakar nan. Ko a Amurka, mutanen garin Flint sun sha ruwa mai dalma daga 2014, sai a 2015 likitoci suka nuna ta a jinin yara.

To, me za mu yi? Na farko, kwamitin makaranta ya kai ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a, ya faɗa da baki cewa dalma ake so a duba, domin gwajin ƙwayoyin cuta ba ya nuna ta. A ɗebi kwalba biyu: ɗaya da sassafe kafin kowa ya taɓa famfon, ɗaya bayan ruwan ya zuba na 'yan mintoci. Idan ta farko ta fi guba, kan famfon ko bututun ne ke da laifi, sai a sauya su da waɗanda ba su da dalma. Na biyu, kowace safiya, musamman bayan hutu, a zubar da ruwan da ya kwana cikin bututu kafin yara su sha. Na uku, a gaya wa iyaye mata cewa tafasa ruwa ba ya cire dalma.

Mun san wasu za su ji tsoro, su ce idan sakamako ya fito da muni sunan makaranta zai ɓaci, ga shi maƙwabtanmu Musulmi ma a nan suke ɗiban ruwa. Ai wannan shi ne babban dalilin gwadawa. A 2 Sarakuna sura 2, mutanen Yariko ba su ɓoye wa Elisha matsalar ruwansu ba, shi kuma ya tafi har maɓuɓɓugar kafin Ubangiji ya warkar da ruwan. Ƙoƙon ruwan da Ubangijinmu ya yi alkawarin lada a kansa a Matiyu 10:42, ya kamata ya zama mai lafiya.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a taronta na gaba, ta ware kuɗin gwaji kafin kuɗin fenti. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.