Memuwar da Aka Kwafo Ba Ta Ba Ka Sana'a

Ƙannena ɗalibai 'yan Ƙonni, Malbaza da Illela da ke jami'o'in Tahoua, Maraɗi da Yamai, abin da da yawanku ke yi da binciken ƙarshen karatu abin kunya ne. An ce kowa ya zaɓi maudu'i, sai ka nufi sibar, ka ɗauko memuwar da wani ya kare shekarun baya, ka canza sunan gari, ka sake shafin godiya, a buga maka a ɗaure. Ranar sutnans, wato ranar kare memuwar, ka sha ado, dangi su yi guɗa. Bayan wata shida kana fada bakin butar shayi kana cewa babu aiki.

Aiki ya yi wuya, wannan gaskiya ne, kuma ba ku kuka jawo ba. Amma watannin binciken nan su ne lokacin da za ka shiga ma'aikata ko gona da takardar makaranta a hannu, ka yi tambaya a amsa maka, ka gane ko aikin ya karɓe ka tun kafin ka ɗora rayuwarka a kansa. Su kuka zubar.

Kuma ba rashin abin bincike ba ne. Ɗan Galmi da ya tashi cikin albasa ya san ana girbe ta lokacin da kasuwa ta cika, kuɗinta ya faɗi, manomi ya zuba ta a rudu yana jiran damina farashi ya tashi, wani kaso ya ruɓe kafin nan. Buhu nawa ke ruɓewa? A wane irin rudu asarar ta fi sauƙi? Wa ke cin ribar tsakanin gona da motar da ke kai ta Abijan ko Akara? Wanda ya yi wata uku yana awo, yana zama da manoma da dillalai, zai fito ya san ko shi mutumin ajiya ne, ko na fatauci, ko na bashin noma. Su ma 'yan kasuwar sun san fuskarsa, kuma da haka ake kiran mutum aiki.

Haka gandarin noman rani na Ƙonni da ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango: taɓon da ke cike dam, rabon ruwa, kuɗin da manoma ke biyan ƙungiyoyinsu, duk tambayoyi ne da ma'aikatan ONAHA, hukumar da ke kula da gandarin, ke fama da su. Malbaza na yin siminti tun shekarun 1960, amma sai ka ga ɗan garin ya gama karatu bai taɓa tambayar wace sana'a kamfanin simintin ke nema ba.

Ku dubi Illela. A 1989 wasu manoma suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga ramukan da ake haƙawa a faƙo a zuba taki, suka dawo suka gwada a gonakinsu. Wannan dabara da ake kira tasa ta bazu, ƙasar da aka yasar a yankin Badagishiri ta koma ba da hatsi, haƙar ma ta zama sana'ar da ake biya. Masana daga Turai sun zo sun rubuta littattafai a kai. Jikokin waɗannan manoma ne yau ke kwafar aikin wani a kan garin da ba su taɓa takawa ba.

Malamai masu kula da aikin, ku ma kuna da kaso. Wanda ya sa hannu a kan memuwar da bai karanta ba, ko bai tambayi ɗalibi sunan ƙauyen da ya ce ya yi tambayoyi ba, shi ya koya masa cewa diflom takarda ce kawai. Ku nemi ganin littafin da ya yi rubutu a fili, da takardun tambayoyin da ya cike da hannunsa. In babu, a ɗage sutnans ɗin, ya koma Galmi ya auna albasa.